Tambayi Likita: Tun da na fara shan maganin nan gabana ke faɗuwa, kaina ya ƙi ɗaukar karatu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon sun yi kama da juna sosai, shi ya sa na ce bari in haɗa guda huɗu wuri ɗaya. Dukkansu mutane ne da ke kan magani na tsawon lokaci, cutar daban-daban, amma kukan ɗaya ne: faɗuwar gaba, barci ya ƙaura, hankali ya ƙi tsayawa waje ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata ɗaliba, Zariya:

Salam Likita dan Allah ka taimaka min. Ni ɗaliba ce a jami'a ina aji uku, shekarata 22. Tun bara nake fama da damuwa, bana cin abinci, kuka ba gaira ba dalili, ƙarshe dai yayata ta kai ni asibiti aka ce ciwon damuwa ne aka ɗora ni kan sertraline 50mg kullum ƙwaya ɗaya. Yau kwana tara kenan wallahi sai nake ganin gara jiya da yau, gabana faɗuwa yake kamar an aiko min da saƙon mutuwa, hannuna na rawa, in na buɗe littafi sai in karanta layi ɗaya sau biyar bansan me na karanta ba ga jarrabawa saura sati uku. Ƙawata ta ce in sayi Lexotan a kemis zai kwantar min da hankali, Mama kuma ta ce in watsar da maganin a yi min ruƙiyya don dama ita tun farko bata yarda da shi ba. Ni dai na rasa wa zan bi.

Amsa:

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kike ji ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya nufin maganin bai karɓe ki ba. Sertraline da 'yan uwansa irin su fluoxetine da escitalopram suna ɗaga sinadarin serotonin ne a ƙwaƙwalwa, to shi sinadarin yana hawa tun kwanakin farko amma ita ƙwaƙwalwar ba ta saba da sabon yanayin nan take ba, sai ta ɗauki makonni, shi ya sa wahalar maganin take riga amfaninsa zuwa. Sati ɗaya zuwa biyu na farko mutane da yawa suna jin tashin zuciya, ciwon kai, rawar hannu, da irin wannan zullumin da kika faɗa, sannan ya lafa, shi kuwa sauƙin da ake nema sai wajen sati huɗu zuwa shida yake bayyana sosai. Ke kina kwana na tara, wato kina tsakiyar wurin da ya fi ɗaci. Da an gaya miki haka ranar da aka miƙa miki takardar da ba ki tsorata ba, kuma gaskiya wannan laifinmu ne mu ma'aikatan lafiya, layi ya yi tsawo sai mu rubuta magani mu ce a dawo bayan wata ɗaya, shi kenan.

Kar ki jira ranar da aka ba ki, ki koma cikin satin nan ki gaya wa likitan abin da kika rubuto min daidai yadda yake. Ga mai saurin faɗuwar gaba sau da yawa ana farawa ne da 25mg na wajen sati ɗaya sannan a hau 50, ƙila ya mayar da ke can na ɗan lokaci, ƙila kuma ya ce ki daure tunda kin kusa ƙetarewa. Shi zai yanke ba ke ba, ba ni ba. In da daddare kike sha kuma yana hana ki barci ki nemi a mayar miki da shi safe, bayan kin karya, abinci a ciki yana rage tashin zuciyar.

Yanzu bari in yi miki tambayar da na san amsarta tun kafin ki faɗa, tunda jarrabawa ta matso: kofi nawa na Nescafe kike sha? Ko shayi mai kauri, ko goro, ko lemon ƙara kuzarin nan da ɗalibai ke kwana da shi? Kafeyin da ke cikinsu shi kaɗai yana sa bugun zuciya da rawar hannu, balle ya tarar da jiki a kan sabon magani, kuma yana daɗewa, wanda kika sha da la'asar kusan rabinsa yana nan a jininki har ƙarfe tara na dare. Ga wani da mutane ba sa lura da shi, Panadol Extra, kowace ƙwaya akwai kafeyin 65mg a ciki, biyu da ake haɗiyewa don ciwon kai sun fi kofi ɗaya na Nescafe. Maganin mura ma da yawa akwai pseudoephedrine a ciki, shi ma tayar da zuciya yake. Tiramol kuwa ko don ciwon mara wani ya ba ki kar ki haɗa shi da sertraline, haɗuwarsu tana iya kawo zazzaɓi, gumi, rawar jiki da ruɗewa, har da jijjiga, abin asibiti ne na gaggawa.

Maganar Lexotan, ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, zai kwantar miki da hankali cikin awa guda, nan ma matsalar take. Sunansa na ainihi bromazepam, gidansu ɗaya da diazepam ɗin da ake kira Valium ko D5. Jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, ƙwaya ɗaya ta daina yi sai biyu, ranar da babu kuwa faɗuwar gaban ta dawo ta ninka ta da. Sannan ke da kike son haddace karatu, wannan dangin maganin yakan hana ƙwaƙwalwa ajiye sabon abu, za ki zauna lafiya lau ki yi karatun awa uku gari ya waye babu komai a kai. Likita yakan rubuta shi wani lokaci na 'yan kwanaki da ranar dainawa a rubuce, wannan daban ne da ki tsaya a kemis ki ce a ba ki na ɗari biyar.

Mama kuma kar ki yi jayayya da ita, tsoro ne irin na uwa, ta ga an ba 'yarta magani ta ƙara rikicewa, wa zai ga laifinta. Ruƙiyya da addu'a ba sa faɗa da ƙwayar magani, a yi miki ki kuma ci gaba da sha, ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a nemi magani domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Shawarata ki tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita, iyayenmu sun fi yarda da abin da suka ji da kunnensu. Sai dai in za a kawo jiƙe-jiƙe ko wani garin magani a gaya wa likita tukuna.

Karatun kuwa, ki daina auna kanki da yadda kike a da, a watan nan kan ba zai ɗauki zaman awa uku ba. Minti ashirin ko ashirin da biyar, ki tashi ki sha ruwa ki zaga, ki dawo. Ki riƙa rubuta abin da kika karanta da hannu a taƙaice ko ki faɗa wa ƙawar taki da baki kamar kina koya mata, wannan ya fi kama kai fiye da zuba wa shafi ido. Ki lura da lokacin da kanki ya fi washewa, wasu bayan Asuba ne wasu bayan la'asar, ki ajiye masa darasin da ya fi wuya, waya kuma a bar ta a wani ɗakin. In faɗuwar gaban ta taso ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko bakwai, minti uku haka, fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, ba tatsuniya ba ce. Kwanan zaune don karatu ki manta da shi a wannan zangon. In kuma kin ga jarrabawar ba za ta yiwu ba, takardar likita zuwa sashenku kafin a fara ta fi amfani a kan bayan an faɗi.

Abu uku ne ba a jira da su ko kwana ɗaya. In tunanin kashe kanki ko cutar da kanki ya zo miki ko ya ƙaru, wanda an san yana iya faruwa a makonnin farko musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25. In kika ji ba kya iya zama wuri ɗaya sam, ƙafa sai kai-komo kamar ana tsikararki. Ko kuma kika wayi gari ba kya buƙatar barci, ga surutu ga ƙarfi ga jin kin fi kowa. Ko wanne ki gaya wa yayarki a ranar ku tafi asibiti, asibitin koyarwa na Shika na kusa da ke, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Kano:

Likita barka da aiki. Ina da asma tun ina yaro, da hunturun nan ya shigo ta tashi sosai aka kwantar da ni kwana biyu, da za a sallame ni aka ba ni prednisolone na kwana biyar. Na ji daɗinsa ƙwarai sai na ci gaba da saya da kaina yau kusan wata biyu, ina haɗawa da Franol in ƙirjin ya riƙe. To yanzu ni kaina na san na canza, abu kaɗan sai faɗa, yaran shago tsorona suke ji, uwargida ta ce ba ta gane min ba, ƙarfe biyun dare idona biyu, ga lissafi in ƙirga kuɗi sau uku kowanne daban. Shin maganin ne ko kuwa hannu aka sa min a kasuwa?

Amsa:

Alhaji ba wanda ya sa maka hannu, hannunka ne da kanka da ka miƙa a kemis. Prednisolone kwaikwayon wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, kotisol, daga wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda, shi ne sinadarin da ke tashi in mutum ya shiga tashin hankali. To ka ga wata biyu kenan kana zuba wa jikinka saƙon cewa akwai tashin hankali, ina barci zai zo, ina haƙuri zai zauna. Saurin fushi, rashin barci, zullumi, mantuwa, wasu ma har su yi ta murna da surutu ba dalili, duk an san shi da su. Franol kuma theophylline ne da ephedrine a haɗe, biyun duka masu sa zuciya gudu ne da hana barci, ka haɗa wuta da fetur.

Amma ka ji ni da kyau a nan, kar ka karanta wannan ka ce daga yau na daina. Na kwana biyar ɗin da aka ba ka ana iya tsayar da shi kai tsaye, wanda ya wuce sati uku kuwa jiki ya riga ya rage yin nasa tunda ana kawo masa daga waje, in ka yanke rana ɗaya sai a rasa na waje a rasa na ciki, jini ya faɗi, amai, kasala har mutum ya suma, ana mutuwa ta haka. Ragewa ake yi mataki-mataki kuma likita ne zai tsara maka gwargwadon abin da kake sha. Ka je gobe, ka tafi da kwalayen duka har da Franol ɗin, ka faɗi gaskiyar adadin da tsawon lokacin, faɗan likita na minti biyu ne. Kafin nan ka riƙa shan na ranar gaba ɗaya da safe bayan karin kumallo, ba da yamma ba, wannan kaɗai yakan dawo da wani abu na barcin. A auna maka suga da hawan jini, don maganin yana ɗaga su duka biyun, kuma suga in ya hau shi ma yana dagula lissafi, ga yawan fitsari da ƙishirwa.

Asalin matsalar ita ce asmarka ba ta samu maganin da ya dace da ita ba. Na san abin da ake faɗa a gari, wai abin shaƙa na masu ciwo mai tsanani ne kuma in ka fara ba ka rabuwa da shi, shi ya sa mutane suka fi son ƙwaya. Abin a juye yake. Ƙwaya jiki duka take zagawa kafin ta isa huhu, inhela kuwa, wato abin shaƙar, kai tsaye take zuwa inda ciwon yake da ɗan mitsitsin adadi. Akwai ta rigakafi mai budesonide ko beclometasone da ake shaƙa kullum ko ƙirji bai riƙe ba, a kurkure baki bayan an shaƙa, ita ce za ta raba ka da prednisolone. Ka sa takunkumi in ana sauke dila ko ana shara a layinku, ƙurar yadi da ta hunturu ba sa raga wa mai asma.

Tunda maganar ta zo, mata masu shan dexamethasone don ƙiba, wannan amsar taku ce ku ma, gida ɗaya ne da prednisolone kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kumburin fuska ne da ruwa da kitsen ciki, ba ƙibar lafiya ba. Uwargida kuma Alhaji a ba ta haƙuri, a nuna mata shafin nan.

Tambaya daga wata malamar makaranta, ba ta faɗi gari ba:

Likita ni da maigidana muna shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ni wata huɗu kenan da farawa, TLD ake ba mu. A gidan gandu muke ba wanda ya sani, sai kowa ya kwanta wajen ƙarfe sha ɗaya na dare nake sha. Barci sai ya gagare ni, da safe a aji ina cikin bayani sai abin da zan faɗa ya ɓace, ga tsoro kullum kamar za a gane. In daina na kwana biyu in gani ko shi ne?

Amsa:

A'a Malama, wannan gwajin kar ki yi shi, tsallake kwanaki shi ne hanyar da ƙwayar cutar ke samu ta koyi kauce wa magani. Akwai gyara mai sauƙi. TLD magani uku ne a ƙwaya ɗaya, tenofovir, lamivudine da dolutegravir, kuma na ƙarshen an san yana hana wasu barci, wasu ya sa su zullumi ko ciwon kai. Shan dare da mutane suka riƙe gado ne daga tsohon haɗin mai efavirenz, shi ne mai sa jiri da mafarkai barkatai shi ya sa ake cewa a sha a kwanta. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a 2019 aka mayar da yawancin mutane kansa, shi kuma ba ruwansa da dare, ana shansa da safe, da abinci ko babu. Ki gaya musu a asibitin da kike karɓa su nuna miki yadda za ki mayar da shi safe, bayan sallar Asuba ma ai ba idon kowa. In an yi haka wata guda ba canji, ko kika ji baƙin ciki mai nauyi ya sauko miki, a sake zama, akwai wasu haɗin.

Ki nemi a duba yawan jininki, ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu kuma yana kawo irin wannan ɗaukewar tunanin da bugun zuciya. In an ba ki maganin ƙarin jini ko na kalsiyam, ko kina shan na gyambon ciki irin mai kama da madarar nan, kar ki haɗiye su lokaci ɗaya da TLD don suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini, ki sha TLD awa biyu kafin su ko awa shida bayansu.

Sai dai ban ɗora wa ƙwayar laifin duka ba. Wata huɗu da jin labari irin wannan, kina ɓoye kwalba a gidan da ko tari kika yi an ji, ko ba magani ai barci zai yi wuya. A yawancin wuraren karɓar magani akwai mai ba da shawara da ƙungiyar masu ɗauke da cutar, mata irinki da suka shekara goma suna sha suna aikinsu sun aurar da 'ya'ya, zama ɗaya da su yana yin abin da ni ba zan iya yi a shafin mujalla ba. Kina gab da gwajin adadin ƙwayar cutar na wata shida, ki tabbata an yi miki.

Tambaya daga wata uwa, Maraɗi:

Likita ɗana shekararsa tara yana da farfaɗiya, an ɗora shi kan phenobarbital shekara ɗaya kenan, alhamdulillahi bai ƙara faɗuwa ba. Amma malaminsu ya ce ba ya gane komai yanzu, ko gyangyaɗi ko ƙiriniya, har dukansa ake a makarantar allo. Babansa ya ce tunda ya warke a daina.

Amsa:

Maman yaro, rashin faɗuwar nan aikin maganin ne, ba shaidar warkewa ba ce tukuna. Likitoci ba sa fara maganar janye maganin farfaɗiya sai yaro ya yi aƙalla shekara biyu bai faɗi ba, sannan a janye a hankali cikin watanni, phenobarbital kuwa yana cikin waɗanda yanke su farat ɗaya ke jawo jijjiga mai tsawo wadda ba ta tsayawa da kanta. Ki gaya wa babansa haka da lallami.

Abin da malamin ya gani gaskiya ne. Maganin yana da araha kuma yana aiki shi ya sa aka fi ba da shi, amma a yara yana kawo ko dai barci da nauyin kai ko kuma akasin haka, rashin zama da saurin fushi. Ku koma wurin likitan da takarda daga malamin ta abin da yake gani a aji, a auna nauyin yaron a duba ko adadin ya dace da shi, a ga ko za a mayar da shan duka da daddare, ko a canza masa zuwa wani kamar carbamazepine ko sodium valproate gwargwadon irin farfaɗiyar tasa. Canjin ma a hankali ake yinsa, ana shigo da sabon ana janye tsohon. Malamin allo kuma babansa ya je da kansa ya same shi ya ce yaron nan yana kan magani, a ajiye bulalar, a zaunar da shi gaba kusa da malam, a rage masa yawan abin da ake biya masa a rana.